Babi na 6: Motar da Ke Tashi Yau, Ta Ƙi Gobe

Motar da ta mutu murus ta fi sauƙin gyara a kan wadda take tashi yau ta ƙi gobe. Idan mota ta ƙi tashi gaba ɗaya, bakanike zai bi ta daki-daki har ya kai ga abin da ya lalace, domin matsalar tana nan zaune tana jiransa. Amma wadda ta ƙi da safe, aka turo ta gareji da gumin goshi, sannan bakanike ya murɗa makulli sau ɗaya ta kama kamar ba ita ba, ta bar shi yana lalube a cikin duhu. Daga nan ake shiga sayen kaya bisa zato, yau batir, gobe filogi, jibi famfon mai, alhali wataƙila waya ce guda ɗaya ta saki. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Irin wannan matsala ba a kama ta sai a lokacin da take faruwa, kuma a wannan lokaci mai mota ne kaɗai ke wurin. Saboda haka kayan aikin farko shi ne ƙaramin littafi da biro a cikin mota. Duk ranar da ta yi gardama, a rubuta kwanan wata da lokaci, da ko injin yana da sanyi ko ya ɗau zafi, da yawan man da ke tanki, da ko an yi ruwan sama ko an wanke inji, da irin ƙarar da aka ji. Layi biyu sun isa, misali: "Talata da rana, bayan tafiyar minti 40 na kashe ta, na dawo ta ƙi. Inji yana juyawa amma bai kama ba. Bayan rabin awa ta tashi da kanta." Idan aka tara irin wannan sau uku ko huɗu, sau da yawa rubutun da kansa yakan nuna inda za a dosa.

Injin fetur yana buƙatar abu huɗu kafin ya tashi: a juya shi, ya samu mai gauraye da iska daidai gwargwado, filogi ya ba da tartsatsin wuta a kan lokaci, kuma fistin ya matse wannan gauraye sosai. Matsin fistin ba ya cika zuwa yana tafiya, domin idan ya lalace ya lalace ke nan, don haka binciken namu zai tsaya ne a kan sauran ukun.

Idan inji bai juya ba

Tambayar farko ita ce: da aka murɗa makulli, injin ya juya ko bai juya ba? Mutane da yawa sukan ce "ta ƙi tashi" su yi shiru, alhali amsar wannan tambaya ta raba aikin gida biyu. Idan bai juya ba, babu ruwan mai ko filogi a maganar, laifin yana tsakanin batir da kik, wato na'urar da ke juya inji idan an murɗa makulli, da wayoyin da suka haɗa su.

A kunna fitilar cikin mota, a sa mata ido, sannan a murɗa makulli. Idan ta dushe ƙwarai ko ta mutu, kuma ana jin "kat-kat-kat" da sauri, wutar da ke isa kik ba ta kai ba. Idan fitilar ta tsaya da haskenta, aka ji "kat" sau ɗaya ko ba a ji komai ba, to zargi ya koma kan kik ɗin kansa, ko mazaunin makulli, ko wayar da ke kai masa umarni. Mai ƙaramar mitar auna wuta zai iya tabbatarwa: batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik ke juyawa, kuma idan inji yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan an ga ƙasa da haka, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji yadda ya kamata, kuma sabon batir ma zai ƙare bayan 'yan kwanaki.

Sai dai kafin a zargi batir, a dubi kawunansa. Na taɓa yin mako uku ina fama da wata tsohuwar mota da ke ƙin tashi duk lokacin da na bi hanya mai gargada, har na sa ranar sayen sabon kik. Da na buɗe bonet na kama kan batir da yatsu biyu, sai ya juya a hannuna kamar murfin kwalba, a ƙarƙashinsa kuma ga wani gari fari mai ratsin kore ya taru. Na kankare shi, na ɗaure noti, maganar ta ƙare. Haka ma wayar at, wato baƙar waya mai kauri da ke tashi daga batir zuwa jikin mota da inji, takan yi tsatsa a inda aka ɗaure ta, ta riƙa ba da wuta wani lokaci tana hanawa wani lokaci. Wajen kwance batir, a kashe inji, a fara cire ɓangaren da ke da alamar ragi (−), shi kuma za a mayar a ƙarshe, sannan a nisanta wuta da taba, domin batir yana fitar da iska mai kamawa.

A mota mai giyar otomatik, idan ta yi shiru a P, a taka birki a mayar da giya N a sake gwadawa. Idan ta tashi, makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya ne ya gaji. Kik ɗin da yake amsawa sai an ɗan ƙwanƙwasa jikinsa kuwa, burushinsa ne ya cinye, kuma ƙwanƙwasar dabarar isa gida ce kawai.

Idan yana juyawa amma bai kama ba

A nan ko mai ne babu, ko wuta. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda, domin kik yana zafi, batir kuma yana zuƙewa. A motar injekta, a kashe rediyo, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen kujerar baya. Ya kamata a ji famfon mai ya yi ɗan guɗa na kamar daƙiƙa 2 ya tsaya. Yana da kyau mai mota ya saba da wannan ƙara tun motar tana lafiya, domin ranar da ta ɓace ya gane. Idan ba a ji ta ba, fiyus da rile za a fara dubawa kafin famfon, saboda su suka fi sauƙin kaiwa. Rile wani ɗan akwati ne da ke buɗe wa famfo wuta, kuma idan ya tsufa dalmar da ke cikinsa takan tsage, ta rabu idan cikin mota ya yi zafi, ta sake haɗuwa idan ya huce. An san wasu motocin Honda na shekarun 1990 da wannan hali. Idan akwai wani rile mai lamba iri ɗaya a akwatin fiyus, kamar na ham, ana iya musanya su don gwaji.

Idan famfo yana aiki, sai a koma kan wuta. Motar da ke ƙi da safiya mai laima ko bayan wanke inji, sannan ta warware idan rana ta yi, galibi ruwa ne ya shiga murfin distiributa mai raba wa filogi wuta, ko wayoyin filogi sun tsattsage suna zubar da wuta. Wadda ke ƙi idan ta yi zafi kuwa, a zargi kwayil mai samar wa filogi wuta, ko sensar kuranshaf, wato na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji yana juyawa. Idan wannan sensa ta ɗauke, kwamfuta takan hana mai da wuta duka biyun, kuma a motoci da yawa allurar da ke nuna gudun inji ba za ta ko motsa ba yayin da kik ke juyawa. Ba a riƙe wayar filogi da hannu don gwada wuta, domin abin da ke bi ta cikinta ya kai dubban bolt.

Motar kafireta tana da nata halin. Idan aka kashe ta da zafi, man da ke cikin tiyo yakan tafasa ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi, sai an jira ta huce. Wani lokaci akasin haka ne, mai ya yi yawa ya jiƙa filogi har ana jin warinsa. Maganin wannan shi ne a take totur har ƙasa a riƙe, ba tare da famfa shi ba, sannan a murɗa makulli.

Idan tana mutuwa a kan hanya

Yadda mota ta mutu yana faɗin abin da ya kashe ta. Wadda ta ɗauke farat ɗaya kamar an kashe makulli, wuta ce ta yanke: sensa, ko kwayil, ko rile, ko mazaunin makulli da ya gaji saboda nauyin tarin makullai da ke reto a jikinsa shekara da shekaru. Wadda ta yi ta shaƙewa tana fizga, ƙarfinta yana raguwa kafin ta tsaya, musamman a hawan tudu, ƙishin mai ne ya kama ta. Ko filtar mai ta toshe, ko famfo ya yi rauni, ko akwai ruwa da datti a gindin tanki. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasa, shi ya sa matsalar ke tsananta idan mai ya yi ƙasa. Idan kuma aka buɗe murfin tanki aka ji iska ta zuƙa ciki da ƙarfi, sannan mota ta tashi, hanyar shaƙar iskar tankin ce ta toshe.

Akwai kuma wadda ba ta mutuwa sai an ɗaga ƙafa daga totur, a mahaɗar hanya ko a cunkoso. Wannan matsalar silo ce, wato gudun da inji ke yi idan ba a taka totur ba. Yawancin injunan fetur suna zama a tsakanin juyi 600 da 900 a minti idan sun ɗumama, kuma abin da ke ɓata wannan shi ne baƙin datti a maƙogwaron totur, ko bawul ɗin silo da ya maƙale, ko ƙaramin tiyon iska da ya fashe yana shigar da iskar da ba a lissafa da ita ba. Fashewar tiyo takan yi wani siririn fito da kunne ke iya kamawa idan an buɗe bonet.

Duk lokacin da inji ya mutu ana cikin tafiya, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma zai yi tauri bayan taka ɗaya ko biyu, amma dukansu suna aiki idan an sa ƙarfi. A kunna fitilun gargaɗi, a gangara gefe, kuma kada a zare makulli mota tana tafiya, domin sitiyari zai iya kullewa. Ba a kuma barin inji yana aiki a rufaffen wuri, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari da ke kisa.

A gaban bakanike

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar da ke karanta lambar matsala. Kwamfuta takan ajiye lambar ko da fitilar gargaɗin inji ta mutu, shi ya sa bai kamata a cire kan batir don a "goge" fitilar ba kafin a karanta, domin a tsofaffin motoci da yawa hakan yana share shaidar. Lamba P0335, alal misali, tana nuni ga layin sensar kuranshaf, amma ba ta ce sensar ce ta mutu ba, domin wayarta ko soket ɗinta na iya zama mai laifin.

A miƙa wa bakanike littafin, a roƙe shi ya auna kafin ya canza, kuma a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a yi 'yan kwanaki ana tuƙi a irin yanayin da motar ta saba yin gardama. Tsohon kayan da aka cire a karɓe shi a ajiye, domin idan matsalar ta dawo an san lafiyarsa ƙalau.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya samu mota mai lafiya, ya saurari ƙarar famfon mai, ya gwada kawunan batir da hannu inji a kashe, sannan ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani a jimla uku.