Darasi na 9: Karanta Takardar Kwastam

'Yan'uwa, kowa ya ɗauki fensirinsa. A rubuta wannan kalma sau uku: kwastam. 'Yan'uwanmu na Nijar duwan suke ce musu.

Duk wanda ya taɓa bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Ƙonni, ya ga jami'ai iri biyu a bakin iyaka. 'Yan shige da fice mutum suke dubawa, da takardarsa ta tafiya. 'Yan kwastam kuwa kaya suke dubawa. Su ke tara wa gwamnatin tarayya kuɗin fito, su ke tare makamai da kayan fasa-ƙwauri, irin shinkafar waje da aka hana shigo da ita ta kan iyakar ƙasa.

Kuɗin fito a banki ake biyansa, a ba ka takarda. Riƙe ta daidai, kan rubutu a sama. Nemo sunanka. Nemo sunan kayanka. To, yanzu sai kuɗin, nan ne wurin tuntuɓe.

Ɗora yatsa a kan lambar, ka ƙirga sifili daga hannun dama. 5,000 sifili uku, naira dubu biyar. 50,000 sifili huɗu, dubu hamsin. 500,000 sifili biyar, dubu ɗari biyar. Ɗan waƙafin nan na tsakiya ba lamba ba ne, tsallake shi. Sake ƙirgawa. Ka samu uku a 5,000? Madalla, baba, hannunka ya fara faɗawa. Sake kuma, a hankali, daga dama. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, kowa da haka ya fara.

Amma fa zan faɗa muku gaskiya. Mako uku ke nan muna kan sifilin nan, har yanzu wasu kallo ɗaya suke yi wa lamba su ce sun gane. Ba ku gane ba! Sifili ɗaya ne tsakanin dubu biyar da dubu hamsin. Kada ka dangwala yatsa, kada ka sa hannu, sai ka ƙirga. Ko direba na matsa maka, ƙirga.

Darasi na 10: Kuɗin Waje

Mai ɗauke da kuɗin da suka haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastam a rubuce idan zai shiga ƙasa ko zai fita. Sifili nawa ke nan? Ƙirga daga dama.

Darasi na 11: Aikin Gida

A kwafe sunayen nan: Jibiya, Illela, Maigatari, Kamba. A zo da littafi ranar Litinin.