Yadda Ake Tsara Ziyarar Tsibirin Morishus Daga Zariya

Morishus ƙasa ce da ke kan tsibiri a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, mai mutane sama da miliyan 1.2. Tsawon babban tsibirin daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 65 ne, wato bai kai nisan Zariya zuwa Kaduna ba, kuma wannan ƙanƙantar ce take yaudarar baƙo. Mutum zai dubi taswira ya ɗauka kwana biyu sun ishe shi, sai ya tarar yawancin hanyoyin karkara matsattsu ne masu kwana-kwana, suna ratsa gonakin rake da gindin duwatsu, ga cunkoson motoci a mashigar babban birnin safe da yamma. Wani kuma yakan biya maƙudan kuɗi ya shige otal a bakin teku, ya fito bayan mako guda bai ga komai ba sai yashi da ruwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba tsibirin kashi-kashi, a ba kowane ɓangare yininsa, a kuma fara da wuraren tarihi kafin wuraren hutu, domin sai an san yadda mutanen suka zo sannan ake gane abin da ake kallo.

Tun daga gida shiri yake farawa. Matafiyi daga Zariya zai tashi ne ta Kano, ko Abuja, ko Legas, kuma dole ya yada zango a wata ƙasa, galibi a Nairobi ko Johannesburg ko Dubai, don haka ya kamata ya tambayi kamfanin jirgin ko zangon yana buƙatar biza ta daban. Dokokin shiga ƙasa suna canzawa, saboda haka a tabbatar da matsayin fasfon Nijeriya kafin a biya kuɗin tikiti. Jami'an shige da fice na can suna neman tikitin komawa, da shaidar masauki, da shaidar kuɗin guzuri, kuma wanda ya fito daga Nijeriya sai ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Ƙasar tana da tsanani a kan ƙwayoyi, saboda haka duk maganin da likita ya rubuta a tafi da shi tare da takardarsa. Kilishi da goro da duk wani abin ci ko tsiro a bayyana su ga jami'an kwastan, kada a ɓoye. Rake kuwa an hana shiga da shi, domin kare gonakinsu daga cuta.

Lokacin tafiya ma abin lura ne. Tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya, don haka watannin daminarmu, daga Mayu zuwa Oktoba, su ne lokacin sanyinsu, kuma su ne suka fi daɗin yawo. Daga Nuwamba zuwa Afrilu zafi ne da ruwan sama, kuma a cikin Janairu zuwa Maris ne aka fi fargabar mahaukaciyar guguwar teku. Agogonsu yana gaba da namu da awa 3, kuɗinsu rufi ne, kuma ta hannun hagu suke tuƙi. Wanda bai saba da hakan ba gara ya ɗauki shatar mota da direba na yini, su daidaita farashi da wuraren tsayawa tun kafin a tayar da mota. Ana jin Turanci a ofisoshi da otal-otal, amma a titi Faransanci da harshen Kiriyol aka fi yi.

A ba Port Louis, babban birnin, cikakken yini, kuma idan hali ya yi a sa yinin ya zama Juma'a. Wurin farawa shi ne Aapravasi Ghat, a bakin tashar jiragen ruwa. Turawan Holan ne suka sauka a tsibirin a 1598 suka raɗa masa suna, Faransawa suka karɓe shi a 1715 suka cika shi da bayi daga Afirka da Madagaska, sannan Birtaniya ta ƙwace shi a 1810. Da aka soke bauta a 1835, masu gonakin rake suka rasa ma'aikata, sai Birtaniya ta mayar da tsibirin wurin gwajin wani sabon tsari na ɗauko 'yan ƙwadago a kan yarjejeniyar shekaru, yawancinsu daga Indiya. Tsakanin 1834 da 1920 kusan mutum rabin miliyan suka iso ta wannan hanya. Abin da ya rage na sansanin da ake sauke su, wato Aapravasi Ghat, ba shi da yawa: ragowar bango na baƙin dutse, da wuraren wanka, da ɗakin asibiti, da kuma matakala 16 da suke hawa daga bakin ruwa. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Kada a yi gaggawa a ɗakin nunin da ke gefe, inda ake ganin hotunan rajistar mutanen, kowa da lambarsa, domin jikokinsu ne mafi yawan waɗanda baƙo zai yi ciniki da su a ranar.

Daga nan da ƙafa ake zuwa babbar kasuwa, inda ake samun kayan lambu da kayan ƙamshi da ganyen shayi, kuma ciniki a ɓangaren tsaraba sai an taya, domin farashin farko na baƙi ne. A nan ne ya dace a ɗanɗana dholl puri, wata siririyar waina mai laushi da ake yi da fulawa da niƙaƙƙen wake, a naɗe miya a ciki, a miƙa wa mutum a takarda ya ci a tsaye. Masallacin Jummah yana kan titin Royal, 'yan mintuna daga kasuwar. 'Yan kasuwa Musulmi daga Indiya ne suka fara gina shi a shekarun 1850, fari ne mai ratsin kore, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da tsohuwar bishiya a tsakar gidansa. Musulmi sun kai kusan kashi 17 cikin 100 na al'ummar ƙasar, yawancinsu mabiya mazhabar Hanafiyya, saboda haka kada Bazazzage ya yi mamaki idan ya ga an jinkirta la'asar fiye da yadda ya saba. Haka kuma alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata yamma, don haka a ɗakin otal a tambaya ko a duba waya, kada a fuskanci gabas bisa al'ada. Unguwar Plaine Verte, wadda Musulmi suka fi yawa a cikinta, ita ce wurin neman shinkafar biriyani da nama na halal ba tare da ɗar-ɗar ba.

Sauran abubuwan birnin ba sa buƙatar dogon lokaci. Gidan tarihin halittu yana da ƙasusuwan dodo, tsuntsun nan marar tashi da ya ƙare a ƙarni na 17, gidan tarihin Blue Penny da ke Caudan, a bakin ruwa, kuma yana ajiye da kan sarki na 1847, waɗanda suke cikin mafi tsada a duniya. Da yamma a hau tsaunin Fort Adelaide a hango birnin da tashar jiragen. Daga can ana ganin filin sukuwa na Champ de Mars, wanda aka buɗe a 1812, kuma a cikinsa ne aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 12 ga Maris, 1968. Mai sha'awar dawaki, wanda ba ya bari hawan Sallah ya wuce shi a ƙofar fada, ya tambaya ko za a yi sukuwa a makon.

Arewa rabin yini ya ishe ta. Lambun tsirrai na Pamplemousses, wanda Bafaranshe Pierre Poivre ya raya a wajajen 1770, yana da wani dogon tafki cike da bado ɗan asalin Kudancin Amurka, mai ganye zagayayye da ya fi mita 1 faɗi, gefensa a lanƙwashe sama. Akwai ire-iren giginya da kwakwa masu yawa, har da wadda take shafe gomman shekaru kafin ta yi fure sau ɗaya ta mutu. A ɗauki ɗan rakiya a bakin ƙofa, domin shi ne zai murza ganye ya ba mutum ya shinshina, ya gane kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu. Kusa da lambun akwai tsohuwar masana'antar sukari ta Beau Plan da aka mayar gidan tarihi, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake matse rake a yi mazarƙwaila a ƙasar Makarfi zai ji daɗin bin injinan ɗaya bayan ɗaya, daga matsewa zuwa dafawa zuwa tacewa. Garin Grand Baie da ke gaba wurin shaguna ne da gidajen rawa, mai iyali ba zai yi asarar komai ba idan ya tsallake shi.

Kudu maso yamma ne ya fi kowane ɓangare cika, kuma can ne ya kamata a yi sammako. Dutsen Le Morne Brabant, mai tsayin mita 556, yana tsaye ne a kan wani ɗan zirin ƙasa da teku ta kusa kewayewa. A ƙarni na 18 da farkon na 19 bayin da suka gudu daga gonaki suka riƙa ɓuya a kogunansa da samansa, saboda wahalar hawansa. Labarin da ake bayarwa na baka yana cewa da aka aiko jami'ai su sanar da su an soke bauta, sai suka zaci kama su aka zo yi, wasunsu suka faɗo daga saman dutsen. UNESCO ta amince da wurin a 2008, kuma kowace ranar 1 ga Fabrairu ana taruwa a gindinsa don tunawa da soke bauta. Kashin farko na hanyar hawa kowa zai iya binsa, amma na ƙarshe sai an dafa da hannu, don haka a nemi ɗan rakiya, a sa takalmi mai kama ƙasa, a fasa idan an yi ruwa. Wanda gwiwa ba za ta bar shi ba ya tsaya a dandalin tunawa da bayi da ke ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi dutsen.

Daga nan hanya tana hawa zuwa Chamarel, inda ake da matsirgar ruwa mai kusan mita 100 da kuma ƙasa mai launi bakwai. Dutsen da aman wuta ya bari ne ya ruɓe ya zama yumɓu, sinadaran ƙarfe da sanholo da ke ciki suka ba shi ja da ruwan ƙasa da shuɗi-shuɗi. Gaskiyar magana wurin ƙarami ne, an kuma kewaye shi da katako ba a taka shi, saboda haka rabin awa ta wadatar, kuma launukan sun fi fitowa idan rana ta haska. Abin da ya fi shi daraja shi ne gandun Black River Gorges, wanda aka kafa a 1994 don kare ragowar dajin asali. A cikinsa ne tudu mafi tsawo a tsibirin yake, mai mita 828, kuma nan ne mazaunin wani ƙaramin shaho da a 1974 guda 4 kacal aka sani sun rage a daji, kafin masana su farfaɗo da irinsa. A kan hanyar dawowa akwai tafkin Grand Bassin, wuri mafi tsarki ga mabiya addinin Hindu na ƙasar, da mutum-mutumi mai mita 33 a mashigarsa. Wurin ibadar mutane ne, don haka wanda ya zaɓi tsayawa ya yi shigar mutunci, kada ya ɗauki hoton masu ibada ba da izini ba. A riƙe rigar sanyi, domin tudun yana da hazo da yayyafi ko da gaɓar teku tana cikin rana.

Sai bayan waɗannan ne yinin teku zai zo. Shingen murjani ya kewaye mafi yawan tsibirin, yana karya ƙarfin igiyar ruwa tun daga nesa, shi ya sa ruwan da ke bakin gaɓa a Belle Mare da Trou aux Biches da Flic en Flac yake kwance. Amma a Gris Gris, can kudu, babu wannan shinge, igiyar tana dukan dutse kai tsaye, kuma ba wurin shiga ruwa ba ne ko ga gwanin iyo. Da yake yawancinmu ba mu tashi da iyo ba, kada wanda ya shiga kwalekwale ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba, musamman yara. Ƙaramin tsibirin Île aux Cerfs, wanda ake zuwa da jirgin ruwa daga Trou d'Eau Douce, yana da kyau amma yana cika da jama'a, kuma tafiye-tafiyen yini da ake sayarwa zuwa can sukan haɗa da giya da kiɗa, don haka a faɗa wa mai jirgi abin da ake so tun kafin a biya. Mai iyali da ke son sakewa ya je bakin teku da sassafe a ranar aiki.

Kwanan ƙarshe a kwana a Mahébourg, domin filin jirgin sama yana kusa da shi a kudu maso gabas, ba a Port Louis ba. Gidan tarihin garin yana ba da labarin yaƙin ruwa na Grand Port da Faransawa suka ci Ingilishi a Agustan 1810, watanni kaɗan kafin tsibirin ya kuɓuce musu. A Blue Bay ana shiga kwalekwale mai gindin gilashi a kalli murjani da kifaye ba tare da an jiƙe ba, a tsibirin Île aux Aigrettes kuma, wanda sai da ɗan rakiya ake shiga, ana ganin manyan kunkuru da wata tattabara mai ruwan hoda da ba a samu a ko'ina sai a ƙasar. Kasuwar garin ranar Litinin take ci sosai, kuma nan ne ya fi sauƙin sayen ganyen shayi da sukari da kayan ƙamshi na tsaraba. Ragowar rufin da ke aljihu a canza shi a filin jirgi kafin a tashi, domin da wuya a sami ɗan canjin da zai karɓe shi a Zariya ko a Wapa ta Kano.