Yadda na shawo kan gudawar ɗana a Daura

Ɗana mai wata goma ya kamu da gudawa a tsakiyar bazara. Kakarsa ta ce haƙori ne, a ƙyale shi, amma ganin idanunsa sun faɗa, maɗiga ta loɓa, fitsari ya ragu, hankalina ya tashi.

A asibitin unguwarmu aka ba ni ORS, wato garin gishiri da sukari da ke mayar da ruwan jiki, da ƙwayoyin maganin zinc. Na haɗa leda ɗaya ta ORS a lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ina ba shi cokali-cokali. In ya yi amai, in dakata minti 10 in ci gaba. Nono kuwa ban hana shi ba.

Zinc ɗin ne mata ke sakaci da shi: ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10, ko gudawar ta tsaya. Malamar asibitin ta ce in na ga jini a kashinsa ko ya ƙi sha, in dawo da shi nan take.