Yadda nake ƙera itacen ƙarfe na shataletale a Abuja

Masu gina rukunin gidaje a Lokogoma da hanyar filin jirgi sun fara son a kafa musu babban abin kallo a shataletalen bakin ƙofa. Yawanci doki suke nema, ko mikiya. Ni kullum itace nake ba su shawara. Unguwar da Musulmi da Kirista za su zauna tare, siffar abu mai rai tana jawo magana, amma ban taɓa jin wanda ya ƙi kuka ko giginya ba.

Kafin ka taɓa ƙarfe, je ka zauna gindin itacen da kake son yi. Hoton waya ba zai ishe ka ba. Zana shi ta fuska huɗu, domin mai mota zagaya shi zai yi, kowane ɓangare fuska ne a wurinsa. Ni kuka nake zaɓa, kuma kukar rani, wadda ta zubar da ganye ta bar rassa tsirara. Kyau ne ya fara ja na gare ta, iska ta tabbatar mini da zaɓin. Duk mazaunin Abuja ya san hadarin farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, mai yaye kwanon rufi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu yake yi. Faffaɗan ganyen ƙarfe a can sama tamkar buɗe laima ne cikin guguwa, rassa kuwa iska ratsa su take yi ta wuce.

Sai ka haɗa ƙaramin samfuri da waya da kwali. Idan itacen zai kai mita 6, yi samfurin santimita 30, wato kashi ɗaya cikin ashirin. Ajiye motar wasan yara a gefensa, ka durƙusa ka duba daga inda idon direba yake. In gangar jikin ta tare masa ganin mai tahowa, rage kauri tun yanzu da sauran dama.

Wannan samfurin za ka kai wa injiniyan gini, shi zai lissafa zurfin fandisho da kaurin rodi. Don Allah kada ka yi ƙiyasi da ido a nan, ƙarƙashin abin nan yara za su yi wasa. Takardar izini kuma aikin mai gidajen ne, amma ka gan ta da idonka kafin a haƙa rami.

Manyan kusoshin da za su riƙe itacen tare da kankare ake zuba su. A riƙa ba kankaren ruwa, a bar shi kwana 28 kafin a ɗora masa nauyi. A binne sandar tsawa a haɗa ta da jikin ƙarfen.

A kasuwar Dei-Dei nake sayen bututu da faranti, kuma da ma'aunina nake zuwa in auna kauri da kaina. Mai rufin tutiya ya fi jure damina, sai dai hayaƙinsa lokacin walda yana sa zazzaɓi, don haka a goge tutiyar daga wurin haɗi, a yi aikin a fili. Ga abin da na koya da asara: a itacena na farko ban huda ƙasan rassan ba. Ruwa ya shiga ta 'yar kafa ya kwanta a ciki, damina biyu tsatsa ta cinye reshe daga ciki alhali fentin waje yana ƙyalli. Yanzu duk inda bututu ya lanƙwasa ƙasa, sai na bar masa hudar fitar ruwa.

Gunduwa-gunduwa ake ƙerawa, yadda tirela za ta wuce ƙarƙashin gada, a haɗa a can da motar ɗaga kaya. Bayan an ɗaure notuna, a ɗiga musu walda saboda 'yan jari-bola. A fara shafa jan fentin hana tsatsa, sannan launi. Fari da shuɗi ƙurar hunturu tana kashe su cikin mako biyu, shi ya sa nake haɗa ruwan toka da ruwan ƙasa, irin launin Dutsen Zuma.

A takardar yarjejeniya nake rubuta cewa duk Nuwamba, da ɗaukewar ruwa, zan dawo da tsani in duba notuna, in zura waya a hudojin nan, in shafe duk inda fenti ya ɓare.