Yadda ake warware lissafin katako, igiya da fuli idan akwai gogayya

Ga tambayar da ɗaliban fiziks suka saba gamuwa da ita: katako mai kilo 4 yana kan teburi, an ɗaura masa igiya, ta bi ta kan fuli, wato gargaren nan irin na bakin rijiya, an rataya dutse mai kilo 2 a ɗaya bakin. Ma'aunin gogayya, wato lambar da ke nuna yadda teburi ke riƙe katako, 0.4 ne kafin motsi, 0.3 bayan an fara tafiya. Ɗauki g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗuwa saboda jan ƙasa, a matsayin 10. Ana so ka nemo ƙaruwar gudunsu da jan igiyar.

Kada ka yi gaggawar rubuta F = ma, wato ƙarfi (F) daidai yake da yawan kilo (m) sau ƙaruwar gudu (a). Fara tambayar kanka, shin katakon zai ma motsa? Yana danna teburi da niyuton 40, wato kilo 4 sau g (da niyuton ake auna ƙarfi), teburin kuma yana mayar masa da 40. Iyakar riƙon da gogayya za ta iya yi shi ne 0.4 × 40, wato 16. Dutsen yana ja da 20, ya rinjayi 16, don haka za a tafi. Daga nan ka ajiye 0.4, ka ɗauki 0.3: gogayya ta koma 12.

Sai ka zana kowanne daban da kibiyoyin ƙarfin da ke kansa. Tunda igiya ba ta ƙara tsawo, ƙaruwar gudunsu, a, ɗaya ce. Jan igiya, T, shi ma ɗaya ne a ɓangarorin biyu muddin an ce fulin ba shi da nauyi kuma ba ya cijewa.

Dutse: 20 − T = 2a
Katako: T − 12 = 4a

Haɗa su, T ya fita, 8 = 6a. Ke nan a kusan 1.33 m/s² ce, T kuwa kusan niyuton 17.3.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, su rubuta T = 20. Da haka ne, ai dutsen ba zai ƙara gudu ba. Dole T ya gaza nauyinsa.

Wani tarkon ya fi wannan wayo. A ce dutsen kilo 1.5 ne, jansa 15 ke nan, bai kai 16 ba. Katako na nan daram, gogayyar kuma 15 ce, ba 16 ba, don daidai abin da aka ja ta take riƙewa. Wanda ya tsallake matakin farko zai cire 12 daga 15, ya raba da 5.5, ya sami 0.55, amsa mai kyan gani ga katakon da ko gezau bai yi ba.

In kuwa a kan gangara aka ɗora katakon, turin da gangarar ke yi masa mg cos θ ne, inda θ ke nufin kusurwar gangarar, da shi za ka ninka ma'aunin gogayya.