Ku duba sunan asusu kafin ku tura kuɗi

'Yan uwa, idan wanda kuka haɗu da shi a Facebook ko TikTok ya nemi ku taimaka masa da kuɗi, ku karɓi lambar asusunsa, ku shigar da ita a manhajar bankinku, sannan ku dakata ba tare da kun tura ko sisi ba.

Lambar asusu a Najeriya lambobi 10 ce, kuma da zarar kun gama shigar da ita, sunan mai asusun zai bayyana. Mayaudari yana iya sauya suna da hoto a shafinsa duk lokacin da ya ga dama, amma sunan da ke banki an ɗaure shi da BVN ko NIN.

Wata ƙanwata a unguwar Mabera da ke Sakkwato ta shafe wata uku tana hira da wani da ya ce shi soja ne a Borno, kuma aure yake nema. Da ta shigar da lambar, sunan wata mata ne ya fito. Ya ce asusun yayarsa ne, kuma irin waɗannan mutane ba sa rasa yaya.

Dabarar tana gazawa idan ɗan damfarar ya ari asusun wani, ya kuma ɗauki sunan mai asusun ya ɗora a shafinsa tun farko. A nan sai ku nemi kiran bidiyo ba shiri, ko ku ce ya turo magabatansa Sakkwato.

Idan kuɗin ya riga ya fita, ku sanar da bankinku nan take, ku ajiye hotunan hirar, ku kai ƙorafi ofishin EFCC.