Darasi na 9: Ƙwayar Ciwon Jiki da Zazzaɓi

Da wuya a shiga gida a rasa katin maganin ciwon jiki, ko a kan taga, ko a ƙarƙashin filo, ko a cikin kwallar uwargida. Ba a neman takardar likita kafin a saya. Akwai shi a kemis, akwai a shagon tireda, akwai a tiren mai talla a tasha. Sauƙin samun nan shi ya sa muka raina shi, har wani kan watsa biyu a baki kafin ya karya kumallo. Magani ne mai amfani ƙwarai, amma yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar a rubuce take a jikin kwalin. Tun da yanzu mun fara haɗa baƙi, a yau kwalin magani za mu karanta.

Sunaye da yawa, gida biyu

Yawancin kwalaye suna da suna biyu. Akwai babban suna mai launi, wanda kamfani ya raɗa don kasuwa. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin rubutu, shi ne ainihin abin da ke ciki. Ƙaramin rubutun nan muke nema.

Gida na farko mutum ɗaya ne a cikinsa: Paracetamol. Shi ne a cikin Panadol. Yana rage ciwo, yana sauke zazzaɓi, amma ba ya rage kumburi.

Gida na biyu yana da 'ya'ya da yawa: Ibuprofen, Aspirin, Diclofenac, Piroxicam, Naproxen. Su ma suna rage ciwo da zazzaɓi, sannan suna sace kumburi. Shi ya sa suka fi kama targaɗe, ciwon haƙori, ciwon gaɓoɓi da ciwon mara na al'ada. Duk da bambancin suna da launi, aikinsu a jiki iri ɗaya ne, illarsu ma iri ɗaya ce.

Ga yadda suke aiki. Idan ka gurɗe ƙafa, jikinka yana fitar da wani sinadari a wurin, shi ne ke kawo zafi da kumburi da raɗaɗi. A 1971 wani masani ɗan Ingila mai suna John Vane ya gano cewa Aspirin hana jiki yin wannan sinadari yake, kuma a 1982 aka ba shi kyautar Nobel a kan binciken. To, matsalar ita ce sinadarin ba a ƙafar kaɗai yake aiki ba. Shi ne ke sa tumbi ya riƙa yin wani yauƙi da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Shi ne kuma ke taimakawa jini ya riƙa isa ƙoda sosai, musamman lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Ƙwaya ba ta san ƙafa daban, tumbi daban ba. Kamar manomin rani ne da ruwa ya yi wa fangali ɗaya yawa, sai ya je ya toshe babbar magudana: wancan fangalin ya huta, sauran kuwa suka shiga ƙishirwa. Toshewar yini ɗaya ko biyu ba ta cika yin ɓarna ba. Ta wata da watanni ita ke kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Nawa ake sha?

Wannan lissafin na babba ne mai lafiya, ba na yaro ba.

Paracetamol yakan zo da lamba 500mg. Ana shan ƙwaya 1 ko 2, a jira aƙalla awa 4 kafin a ƙara. Kada a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24, wato daga asubar yau zuwa asubar gobe. Wanda ya wuce haka hantarsa yake ƙonawa, kuma abin tsoron shi ne a ranar farko ba lallai ya ji komai ba, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya. Don haka duk wanda ya sha fiye da ƙima, ko yaro ya samu kati ya cinye, a tafi asibiti nan take ko da yana wasa da dariya. Tsoho mai ƙaramin jiki, da mai ciwon hanta, da mai shan giya, su nemi ma'aikacin lafiya ya rage musu adadin.

Ibuprofen yakan zo da 200mg ko 400mg. Wanda ya saya da kansa kada ya wuce 1200mg a awa 24: ƙwaya 6 kenan idan mai 200 ce, ƙwaya 3 idan mai 400 ce, a raba su safe, rana da dare. A sha bayan an ci wani abu, ko ɗumame ne, ko koko da ƙosai, a bi da ruwa kofi guda cikakke. Guntun ruwan da zai tura ƙwaya kawai bai isa ba.

Diclofenac da Piroxicam sun fi ƙarfi a kan ciki, kuma a gaskiya ba na saye kai tsaye ba ne, ko da yake a wurinmu ana miƙo su kamar alewa. A Ingila tun 2015 aka daina sayar da ƙwayar Diclofenac sai da takardar likita, saboda haɗarinta ga zuciya.

Maganar haɗi

Nan ne ɓarnar ta fi yawa, bari mu ɗan zauna a kai. Bayan magariba, birkila ya tashi daga aiki, siminti har gira, ya tsaya a kemis.

"Sannu da aiki, Malam. A yi mini haɗin gajiya, bayan nan kamar zai ɓalle."

Mai kemis ya ɓallo daga wannan kati, ya ɓallo daga wancan, ya ƙulle a 'yar leda: fara ɗaya, ja ɗaya, rawaya biyu ƙanana, da wani kafso. Babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa. Sau da yawa a cikin irin wannan ƙulli akan sami 'yan gida ɗaya biyu ko uku, Diclofenac da Ibuprofen da Piroxicam, wani lokaci har da Dexamethasone ko Prednisolone, waɗanda idan suka haɗu da su suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Shan 'yan gida ɗaya tare ba ya ninka sauƙi. Illar ce ke ninkuwa. Gobe birkila zai tashi garau, ya ce mai kemis ɗin nan ya iya haɗi, jibi ya koma, gata ya koma. Ranar da ya fara jin ƙirjinsa na ci da wuta in yunwa ta kama shi, ba zai zargi ledar ba, sai ya ce barkono ne.

Ba cin fuska ba ne ka tambaya. Kuɗinka ne, cikinka ne.

"Malam, don Allah me da me ke ciki?"

"Na gajiya ne, Baba, duk masu aikin ƙarfi shi suke sha."

"Na ji, amma ba ni iri ɗaya a katinsa, in ga sunan. Ina da olsa kuma."

"To ai gara da ka faɗa, Baba. Paracetamol za ka sha, waɗancan ba naka ba ne."

Akwai wani haɗin da mutum ke yi wa kansa bai sani ba. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip suna da Paracetamol a ciki. Wanda ya sha na mura biyu ya ɗora Panadol biyu, ya sha Paracetamol huɗu a zama ɗaya. Garin Alabukun kuma Aspirin ne da sinadarin da ke cikin kofi da goro. In ka sha shi ka bi da Ibuprofen, ka haɗa 'yan gida ɗaya.

Waɗanda gida na biyu bai karɓe su ba

Mai gyambon ciki, ko wanda ya taɓa aman jini. Mai ciwon ƙoda. Mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ma ya yi hattara, domin waɗannan ƙwayoyi suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna rage wa maganin hawan jinin ƙarfi. Wasu masu asma da sun sha sai numfashi ya sarƙe. Wanda ke shan maganin tsinka jini kamar Warfarin kada ya kusance su. Masu sikila, da yake ciwonsu yana yawan dawowa kuma ƙodarsu tana buƙatar lallaɓawa, su bar likitansu ya tsara musu.

Mai ciki ta tsaya a kan Paracetamol. Ibuprofen da 'yan uwansa, daga wata na biyar zuwa sama, suna iya rage ruwan da jariri ke kwance a ciki, a watanni uku na ƙarshe kuma suna iya taɓa wata jijiyar jini ta kusa da zuciyarsa. Amma a lura: idan a wurin awo aka rubuta wa mace ƙaramin Aspirin mai lamba 75mg don kare ta daga hawan jinin ciki, wannan daban ne, ta ci gaba da sha yadda aka ce. Haka dattijon da likita ya ɗora a kan mai 75 saboda zuciya, kada ya daina don ya ji wannan darasi.

Wanda ruwan jikinsa ya ƙare shi ma ya jira. Mai gudawa da amai, ko wanda ya wuni a rana tsaka yana dako a watan bazara bai sha ruwa ba, ƙodarsa a matse take. Da azumi abin ya fi fitowa fili: wani da an kira salla sai ya jefa dabino ɗaya ya bi da Diclofenac saboda ciwon kai. Ciwon kan nan galibi na ƙishirwa ne. A sha ruwa, a sha kunu, a ci abinci, in bai tafi ba sannan a nemi ƙwaya.

Yara

Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba Aspirin, sai in likita ne ya ce. Yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, musamman ga yaro mai mura ko ƙarambau. Mai ƙarambau ko Ibuprofen ba a ba shi, don yana iya sa ƙurajen su rikiɗe su zama mugun gyambo.

Maganin yara na ruwa ne, kuma da nauyin yaro ake auna shi, ba da ƙarfin kukansa ba. A kwalbar Paracetamol za ki ga an rubuta 120mg/5ml. Ki yi amfani da ɗan murfin awo ko sirinjin da ya zo da kwalbar. Cokulan gidanmu ba girmansu ɗaya ba. Ki roƙi malamar asibiti ta nuna miki layin da za ki tsaya a kai, ta sa masa alama da biro. Jaririn da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya yi zafi, ba a gwada magani a gida, asibiti ake kai shi.

Kuma ba kowane kuka ne ke son kwalba ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su wani ruwan maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe musu ƙoda.

Zazzaɓi ɗan aike ne

Paracetamol yana sauke zafin jiki, ba ya kashe abin da ya kawo zafin. Mai zazzaɓin cizon sauro zai sha, ya yi gumi, ya ji daɗi, alhali ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa a jininsa. A je a yi gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa, cikin kusan minti 20 an san matsayi. A lokacin da ake jin labarin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ko zazzaɓin dengi, a guji Aspirin da Ibuprofen ɗungum, domin cututtukan nan suna kawo zubar jini, ƙwayoyin kuma suna ƙara tsinka shi.

Zazzaɓin da ya kai kwana 3, ko ciwon da aka sha wa magani kwana 4 ko 5 bai sauka ba, ya wuce aikin kemis. Ba a jira ko kwana ɗaya kuwa idan wuya ya sanƙare, ko yaro ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono. Wanda ke kan gida na biyu ya daina nan take ya tafi asibiti in ya ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ko fitsari ya ragu ƙafafu suka kumbura, ko leɓe da fuska suka haye. Ya tafi da katin maganin a aljihu.

Aikin aji

Kowa ya zo da kwalin magani ɗaya daga gida. Nemo ƙaramin sunan ka rubuta shi a littafinka, ka faɗa wa na kusa da kai ɗan wane gida ne. Nemo lambar da ke gaban mg. Nemo haruffa uku, EXP, ka karanta wata da shekarar da ke biye: in an rubuta 08/2027, watan Agusta kenan na 2027, bayansa ba a sha. Sannan ka duba ko akwai lambar rajistar NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magani a Najeriya tun 1993.

Sai lissafi. Wata baiwar Allah ta sha Paracetamol 2 da ƙarfe 6 na safe, ta ƙara 2 da ƙarfe 12 na rana, da la'asar ta sha maganin mura 2 masu ɗauke da 500mg kowanne. Ƙwaya nawa ta sha ke nan, kuma nawa suka rage mata kafin ƙarfe 6 na safiyar gobe?